Ina takin da ake zuba wa alkama yake tafiya?

Binciken masana harkar noma ya nuna cewa mafi yawan sinadarin naitirojin da ke cikin takin zamani ba ya isa ga ƙwayar hatsi. Wani ya bi iska, wani ya bi ruwa, kuma manomi da gonarsa ne ke ɗaukar asarar.

A kowace shekara, da zarar hunturu ya kunno kai a cikin watan Nuwamba, manoman rani a Kadawa da Kura da Garun Malam a jihar Kano, da takwarorinsu na kwarin Haɗeja a jihar Jigawa, sukan duƙufa wajen shukar alkama. Daga cikin abubuwan da suka fi cin kuɗinsu akwai takin zamani, musamman ma yuriya da kamfa. Manomi yakan sayar da dabba ko ya ci bashi domin ya sayi buhu uku ko huɗu, ya watsa a gona, sa'an nan ya zuba ido yana jiran watan Maris.

To amma nawa ne daga cikin wannan taki yake shiga jikin alkamar?

A shekara ta 1999 wasu masana biyu na jami'ar jihar Oklahoma a Amurka, William Raun da Gordon Johnson, sun yi lissafin cewa a duniya baki ɗaya kashi 33 cikin 100 ne kawai na naitirojin da ake zuba wa hatsi yake fitowa a cikin amfanin da aka girbe. Sun ƙiyasta darajar sauran da dala miliyan dubu 15.9 a shekara, bisa farashin wancan lokaci. Wani ɓangare na ragowar yana zama a cikin kara da saiwa da kuma ita kanta ƙasar, amma kaso mai tsoka salwanta yake yi. Ke nan idan manomi ya sayi buhu uku, amfanin buhu ɗaya ne yake komawa da shi gida.

Abin da ya sa alkama ke buƙatar naitirojin

Naitirojin shi ne sinadarin da shuka ke gina koren ganyenta da shi, kuma da shi ne take haɗa furotin da ke cikin ƙwaya. Kowane tan guda na alkama yana ɗauke da kimanin kilo 20 na wannan sinadari, ban da wanda ke cikin kara. Gonar da ake sa ran za ta ba da tan uku a kowace hekta sai ta samu kilo 60 ko fiye a cikin ƙwaya kaɗai.

Abin mamaki shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma alkama ba ta iya ɗibarsa daga iska. Sai a shekara ta 1909 wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Fritz Haber ya gano hanyar haɗa shi da iskar haidirojin a samu amoniya, daga baya Carl Bosch ya mayar da hanyar ta zama ta masana'anta, inda aka buɗe kamfani na farko a Oppau ta ƙasar Jamus a 1913. A yau manoman duniya na amfani da fiye da tan miliyan 100 na naitirojin a shekara, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin al'ummar duniya da abincin da wannan taki ya samar suke rayuwa.

Yuriya ce aka fi amfani da ita, domin kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Buhu mai nauyin kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Sai dai kuma ita ce ta fi saurin tserewa idan ba a iya sarrafa ta ba.

Hanya ta farko: iska

Duk wanda ya taɓa shiga turken dabbobi da sassafe ya san zarnin da ke tashi. Wannan wari iskar amoniya ce, kuma ita ce dai take tashi daga gonar da aka watsa wa yuriya aka bar ta a fili.

Da zarar ƙwayar yuriya ta samu ɗan danshi, wani sinadari da ƙananan halittun cikin ƙasa ke fitarwa yakan narkar da ita cikin kwanaki kaɗan, ta rikiɗa ta zama amoniya. Idan hakan ya faru a ƙarƙashin ƙasa, ƙasar takan riƙe ta har saiwa ta sha. Idan kuwa a sama ne, sai ta bi iska. Zafin rana da kaɗawar iska suna ƙara wa abin sauri, haka nan ƙasa mai kanwa ta fi mai tsami zubar da shi. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe dabam-dabam sun nuna cewa a mummunan yanayi ana iya rasa kashi ɗaya cikin uku, har ma fiye, na takin da aka watsa ta wannan hanya kaɗai.

Mafi hatsari shi ne a watsa yuriya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan an gama ban ruwa, ko a lokacin da raɓa ta sauka. Danshin ya isa ya narkar da takin, amma bai isa ya shigar da shi cikin ƙasa ba. Yayin da ƙasar ke bushewa, amoniyar na tashi tare da tururin ruwa.

Hanya ta biyu: ruwa

Naitirojin da ya tsira daga iska ma bai gama tsira ba. Cikin mako biyu zuwa uku a ƙasa mai ɗumi, ƙwayoyin bakteriya sukan mayar da shi wani nau'i da ake kira naitiret. Alkama na son naitiret ƙwarai, sai dai ƙasa ba ta iya riƙe shi, domin yana narkewa a ruwa kamar gishiri. Duk inda ruwa ya nufa, nan yake bi.

Idan aka kwarara wa fangali ruwan da ya wuce kima, ruwan yakan nutse da naitiret zuwa zurfin da saiwar alkama ba ta kaiwa. Wannan matsala ta fi tsanani a ƙasar jigawa, inda yashi ya yi yawa kuma ruwa ba ya tsayawa. Kazalika ruwan da ya malala daga gona zuwa magudana yakan tafi da nasa rabon.

Hanya ta uku: ƙasar da ruwa ya kwanta

A fadama da sauran wurare masu laka, matsalar ta sha bamban. Idan ruwa ya kwanta kwana biyu ko uku, iska takan ƙare a cikin ƙasa. A nan sai wasu ƙwayoyin bakteriya su koma numfashi da naitiret, su mayar da shi iskar naitirojin wadda ke komawa sararin samaniya inda aka ɗebo ta tun farko. Wani ɗan kaso kuma yakan fita a matsayin iskar naitiros oksayid.

Ko da yake wannan iska ba ta da yawa, illarta babba ce. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce cikin shekaru 100, kilo ɗaya nata yana ɗumama duniya daidai da kilo 273 na iskar kabon, kuma takan shekara fiye da 100 a sama kafin ta gushe. Aikin gona shi ne kan gaba a ayyukan ɗan Adam da ke fitar da ita.

Yadda abin ke bayyana a jikin alkama

Alkamar da ta rasa naitirojin ba ta ɓoye halin da take ciki. Ganyen ƙasa, wato tsofaffin, su ne ke fara yin rawaya, domin shukar na kwashe ɗan abin da ke cikinsu ta kai wa sabbin ganye. Ba ta yin 'ya'ya da yawa a gindi, ba ta tsawo, zangarniyarta kuma takan fito gajera mai ƙarancin ƙwaya. Idan yunwar ta same ta a ƙarshe ne, lokacin da ƙwaya ke cika, sai furotin ya yi ƙaranci. Irin wannan alkama garinta ba ya danƙo, burodinta ba ya tashi yadda ya kamata, kuma kamfanonin fulawa ba sa ɗokin sayenta.

Sau da yawa manomi yakan ga wannan rawaya ya ɗauka takin da ya saya ne marar kyau. Ko shakka babu akwai jabun taki a kasuwa, amma a lokuta da dama takin na gaskiya ne, tserewa ya yi kafin shukar ta buƙace shi.

Dalili kuwa shi ne alkama ba ta cin naitirojin sosai a makonni ukun farko, saboda saiwarta ba ta yi ƙarfi ba. Cin da take yi na gaske yana farawa ne daga lokacin da ta soma 'ya'ya, ya tsananta lokacin da kara ke miƙewa, har zuwa fitar zangarniya. Takin da aka jibga gaba ɗaya ranar shuka zai yi makonni yana jiran mai ci, kuma a cikin makonnin nan ne iska da ruwa ke yin gaba da shi.

A ɗaya ɓangaren kuma, manomin da ya ce zai rama asarar ta hanyar ninka taki yana iya faɗawa wata matsalar. Naitirojin in ya yi yawa yakan sa kara ya yi tsawo ba ƙwari, iska ta kwantar da shi, cututtukan ganye kamar tsatsa su samu wurin zama. Yakan kuma jinkirta nuna, wanda a arewacin Najeriya ke nufin zafin bazara zai riski ƙwayar tun ba ta cika ba, ta motse.

Illa ga ƙasar noma

Asarar da ta fi daɗewa ita ce wadda ke samun ƙasar kanta. Duk lokacin da bakteriya suka mayar da amoniya naitiret, suna barin tsami a cikin ƙasa. Idan shuka ta sha naitiret ɗin, wani ɓangare na tsamin yakan warware. Idan kuwa ruwa ne ya tafi da shi, tsamin na nan daram, kuma naitiret ɗin yakan ja sinadaran kalsiyam da magniziyam su tafi tare. Da tsami ya kai wani matsayi, sai sinadarin alminiyam da ke cikin ƙasa ya narke ya riƙa ƙona bakin saiwa, sinadarin fosfaras kuma ya ɗaure, shuka ta kasa samunsa ko da an zuba.

Ƙasar Sin ta ga wannan da idonta. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a shekara ta 2010 ya nuna cewa daga shekarun 1980 zuwa na 2000, ma'aunin pH na manyan gonakin ƙasar ya sauka da kimanin rabin maki, wato tsamin ya ninka kusan sau uku, kuma yawan takin naitirojin ne babban musabbabi. A filayen arewacin ƙasar, inda ake noma alkama da masara bi da bi a shekara guda, manoma sun kai ga zuba fiye da kilo 500 na naitirojin a kowace hekta a shekara.

Ba sai an je Sin ba ma. A cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, Zariya, akwai wani filin gwaji da aka buɗe tun 1950 domin kwatanta takin gargajiya da na zamani. Abin da shekaru suka nuna a can shi ne fegin da aka yi ta zuba wa takin naitirojin zalla ya yi tsami kuma ya gaji, alhali wanda aka haɗa masa da kashin shanu ya fi riƙe ƙarfinsa. Ƙasar yankinmu dama ba ta da yawan ruɓaɓɓen ganye da laka mai riƙe sinadarai, saboda haka ba ta da juriyar da ƙasashen wasu yankuna ke da ita.

Sa'an nan akwai batun ruwan sha. Naitiret da ya nutse yakan ƙare a rijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 a kowace lita a matsayin iyaka, domin abin da ya haura haka yana iya hana jinin jarirai ɗaukar iska. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙasashen Turai suka kafa dokar taƙaita naitiret a 1991.

Darasi daga kwarin Yaqui

Kwarin Yaqui da ke jihar Sonora a ƙasar Meksiko ya yi kama da Kadawa ta fuskoki da dama: yanki ne mai ƙarancin ruwan sama, inda ake noma alkama da ruwan madatsa a lokacin sanyi. A can ne Norman Borlaug, wanda ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970, ya yi aikin samar da gajerun irin alkama masu yawan yabanya.

A shekarun 1990 manoman kwarin suna zuba kimanin kilo 250 na naitirojin a hekta, kashi uku cikin huɗu nasa tun makonni kafin shuka, sa'an nan su bi shi da ban ruwa. Pamela Matson da Rosamond Naylor na jami'ar Stanford, tare da Ivan Ortiz-Monasterio na cibiyar inganta masara da alkama ta duniya, wato CIMMYT, sun auna abin da ke salwanta, suka tarar da cewa asara mai yawa tana aukuwa tun kafin iri ya shiga ƙasa. A sakamakon da suka wallafa a 1998, sun nuna cewa idan aka rage takin zuwa kilo 180 kuma aka jinkirta mafi yawansa zuwa lokacin da shuka ke buƙata, amfanin da ingancinsa ba sa raguwa, manomi kuma yana tsimin kuɗin da ya kai kashi 12 zuwa 17 cikin 100 na ribarsa. Wani binciken na 2005 ya nuna ta hotunan tauraron ɗan Adam cewa kwanaki kaɗan bayan ban ruwa a kwarin, gansakuka takan mamaye wani sashe na tekun Kaliforniya saboda takin da ya malala.

A Sin ma an gwada irin wannan gyara a babban mataki. Daga 2005 zuwa 2015 masana da malaman gona sun yi aiki da ƙananan manoma kusan miliyan 21, inda amfanin alkama da masara da shinkafa ya ƙaru da kimanin kashi 11 cikin 100, takin naitirojin kuma ya ragu da kashi 15 zuwa 18.

Ita kuwa Indiya wata dabara ta ɓullo da ita. A 2015 gwamnati ta wajabta a riƙa shafe yuriyar da ake yi a ƙasar da man darbejiya, wanda ke rage saurin rikiɗar takin zuwa naitiret, kuma yana hana karkatar da takin tallafi zuwa masana'antu. Itacen da ake tatsar wannan mai shi ne dai dogon yaron da ke kan titunan Kano da Maiduguri da Maraɗi.

Matsayin manomin Najeriya da Nijar

Abin lura a nan shi ne matsalar Afirka ta bambanta da ta Sin. A lokacin da shugabannin nahiyar suka yi taron ƙoli kan taki a Abuja cikin watan Yuni na 2006, abin da ake zubawa a ƙasashen kudu da Sahara bai wuce kilo 8 na sinadaran taki a hekta ba, shi ya sa suka sa burin kaiwa kilo 50 kafin 2015, burin da bai cika ba. Galibin gonakinmu yunwa ce ke damun su, domin ana kwashe amfani da kara duk shekara ba a mayar musu da komai.

Najeriya na yin yuriya mai yawa, a kamfanin Indorama da ke Eleme a jihar Ribas da kuma na Dangote da aka buɗe a Legas a watan Maris na 2022, mai ƙarfin tan miliyan uku a shekara. Duk da haka farashinta na bin kasuwar duniya da farashin iskar gas, kamar yadda manoma suka ɗanɗana a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wanda da ƙyar ya haɗa kuɗin buhu biyu, barin rabinsa ya bi iska almubazzaranci ne da ba zai iya ɗauka ba.

Matakan rage asarar

Shawarwarin da masana suka haɗu a kansu ba sa buƙatar ƙarin kuɗi mai yawa. Na farko, a raba takin. A sa kamfa da ɗan kaso na naitirojin lokacin shuka, a gauraya da ƙasa, sa'an nan a ba da yuriya lokacin da alkama ta soma 'ya'ya da kuma lokacin da kara ya fara miƙewa. A ƙasa mai yashi, kashi uku ya fi kashi biyu.

Na biyu, kada a bar yuriya a fili. A zuba ta a kan busasshiyar ƙasa a bi ta da matsakaicin ban ruwa nan take, ko kuma a rufe ta da ƙasa. Kada ta taɓa iri, domin tana ƙona tsiro, kuma kada a cuɗa ta da toka, domin toka na gaggauta tashin amoniya.

Na uku, a daidaita fangali yadda ruwa zai bazu daidai, ba ya taruwa a gefe guda, kuma a ba shi hanyar fita. Na huɗu, a mayar wa gona da takin dabbobi da ragowar kara, a kuma riƙa sa wake ko gyaɗa ko waken soya a cikin juyin shuka, tun da su suna iya ɗibar naitirojin daga iska. Inda gwaji ya nuna ƙasa ta yi tsami, farar ƙasa ce maganinta.

Akwai kuma wata dabara mai sauƙi da aka yi amfani da ita a kwarin Yaqui. Manomi ya keɓe ɗan siririn fegi a tsakiyar gona ya ba shi isasshen taki. Idan lokacin zubi na biyu ya zo, sai ya kwatanta launin fegin da na sauran gonar. A can na'ura ce ke yin awon, amma ido ma yana iya ganin bambanci. Idan fegin ya fi sauran duhun kore nesa ba kusa ba, gonar na jin yunwa, sai a ba ta. Idan kuwa launinsu ya zo ɗaya, to akwai sauran abinci a ƙasa, manomi ya rage abin da zai zuba ya adana sauran buhun domin damina.